Sukar mazan jiya: inda ta ci da inda ta yi barci

Akwai wata irin suka da mu ƴan jami'a ba mu cika ba ta kunne ba, don ba ta zo da Faransanci ba kuma ba a rubuce take ba. Ita ce sukar tsofaffinmu, wadda ake ji a Dogon Kiriya ranar kasuwa, ko a ƙofar masallaci bayan Juma'a, ko wajen zaman makoki in an gama addu'a hira ta ɓalle. Abin da take cewa bai da yawa: gwamnati na ɓarnar dukiyar talakka, ta tsare mashi hanyar bida, kuma ta jawo muna faɗan da ba namu ba. In ɗalibi ya ji haka sai ya yi murmushi ya ce ai ra'ayin ƴan mazan jiya ne, shi ke nan an rufe zance. Ni ina ganin wanga suna da muke liƙa masu ya hutar da mu daga aikin da ya kamata mu yi, wato mu ɗora maganar a kan sikeli.

Ita kanta kalmar abin dubawa ce. Gidajen rediyo ne suka ɗauki “ƴan mazan jiya” suka fassara da ita masu ra'ayin riƙau na Amurka da Ingila. Amma a bakin kakanninmu mazan jiya jarumawa ne, daga baya kuma sunan ya koma kan tsofaffin sojojin da Faransa ta kwasa ta kai yaƙin duniya da Indoshin da Aljeriya. Ke nan mutanen da aka fara kira da wannan suna su ne suka fi kowa sanin ɗacin yaƙin da ba naka ba. To rediyo ya ɗauki sunansu ya ba wasu attajirai na Washinton.

Su ma waɗancan na Washinton abu ukun nan suke kuka da shi: ɓarnar kuɗin haraji, shige da ficen baƙi, da yaƙe-yaƙen waje. Lokacin da aka kashe sojan Amurka huɗu tare da sojojinmu a Tongo Tongo ranar 4 ga Oktoban 2017, wasu ƴan majalisar dattawansu sun fito sun ce ba su ma san suna da soja masu yawa haka a Nijar ba. Sansanin jirage marasa matuƙi da suka gina a Agadas ya ci sama da dalar Amurka miliyan 100, suka bar shi a watan Agustan 2024. In mai ra'ayin riƙau na can ya kira wannan ɓarna, tsohon Dogon Kiriya ba zai yi mashi musu ba. Amma da an zo batun baƙi sai su raba hanya. Na can yana son a rufe ƙofa. Namu yana son a buɗe hanya, don shi ne mai ƙwanƙwasa ƙofar, ko ɗansa, ko mijin ɗiyarsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa fassarar rediyo ta haɗa mutum biyu da ba su tarar da juna ba ko a mafarki.

A kan batun hanya ne nake ganin tsofaffin suka fi gaskiya, kuma harshe na bayansu.

Hausa tana da kalmarta ta mai tafiya neman abinci tun kafin a san fasfo. Ɗan cin rani ne. Ku dubi ginin kalmar: rani ake ci, wato a je a cinye watannin da gona ba ta buƙatar hannu, a rage wa rumbu baki ɗaya, a komo da ɗan abin sayen hatsi da tufafi kafin ruwan shuka. Komowa tana cikin kalmar. A nan Arewa mun fi cewa ya tahi bida, har Faransancin Nijar ya ƙirƙiro “exodant” don wannan mutum, kalmar da Bafaranshen Paris ba ya amfani da ita. Babu laifi ko ɗaya cikin waɗannan sunaye. Sai ga “baƙin haure”. Haure daga haurawa ne, kuma ba a haura fili, katanga ake haurawa. Wanda ke haura katangar gida kuwa kowa ya san sunansa. Kalmar ta yanke wa mutum hukunci tun bai buɗe baki ba. Kullum muna jin ta a labaran safe, har yaran da ubanninsu ke tura ruwa a Abijan ko gadi a Legas suna maimaita ta ba su san da wa ake ba.

Katangar nan kuma wa ya gina ta? Iyakar da ta raba mu da Najeriya Turawan Ingila da na Faransa suka zana a 1898, suka ga ba ta yi masu daidai ba suka matsa ta a 1904 da 1906. Shi ya sa akwai Arewa a jihar Doso, akwai Arewa a jihar Kebbi, dangi ɗaya, zanen fuska ɗaya. Tsohon da ya ce shi bai haura komi ba, gidan ƙanen ubansa ya je, tarihi yake faɗa.

Ranar 26 ga Mayun 2015 aka kafa doka mai lamba 2015-36 a kan safarar baƙi. Ta tanadi kaso na shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Ba a fara aiki da ita gadan-gadan ba sai 2016, bayan taron Valeta na Nuwamban 2015 inda Tarayyar Turai ta buɗe asusun tsaida baƙi. Kafin nan, kowace Litinin ayarin motoci na tashi daga Agadas zuwa Dirku da rakiyar soja, ido na ganin ido. Da aka soma aiki da dokar sai direban da jiya soja ke rakiya ya wayi gari mai laifi, aka kama motoci, aka ɗaure mutane. Ɗan Gambiya ko ɗan Senegal da yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba izinin yawo cikin Nijar, in ya wuce Agadas ya yi arewa, mai ɗaukarsa ya shiga uku, alhali iyakar Libiya na da sauran ɗaruruwan kilomita. An yi wa tsofaffin direbobi alkawarin jari su canza sana'a, kaɗan ne cikin dubban da suka yi rajista suka gani a hannu. Tafiya kuwa ba ta tsaya ba. Ta bar hanyar rijiyoyi ta koma hanyoyin da ba kowa, kuɗin mota ya hau, wanda motarsa ta lalace cikin Tenere sai dai labari. Ƴan bidarmu masu zuwa Libiya aikin gini da noman lambu, waɗanda ba su taɓa tunanin Turai ba, su ma sun sha wannan tsada. Janar Tiani ya soke dokar a ƙarshen Nuwamban 2023, kuma ban ji wani a garinmu ya yi kukanta ba.

Tsofaffin ba su karanta dokar ba, amma sun san irinta. A 1969 Busiya ya ba baƙi mako biyu su bar Gana. A 1983 Shagari ya kori baƙi daga Najeriya. A 1984 Buhari ya rufe iyaka daidai lokacin da fari ya ƙone gonaki, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar shekarar sunansa, El Buhari. Na daɗe ban ga sharhin siyasa da ya kai wannan suna kaifi ba: mutanen da ba su da jarida suka rubuta hukuncinsu a cikin kalandar yunwa, kuma har yau ba a goge shi ba. Shi dai Buharin ya sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Sai takunkumin CEDEAO na 30 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zo muna daga Najeriya, shinkafa da magani suka yi tsada. Duk wanda ya rayu cikin waɗannan ya ga abu guda na maimaituwa: manya na faɗa a birni, mai jaki da mai baro ke biya.

Amma a nan ɗin ma sukar tasu tana da rami. Tana kare ɗan bida namiji, ba ta ce uffan ba a kan mata. A ƙarshen Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 yara, 33 mata, akasarinsu daga yankin Kance na Damagaram. In an tada zancen irin waɗannan matan a majalisar dattawa, abin da za ka ji shi ne wa ya ba su izini, ina mazansu, ai zubar da mutunci ne. Ba a tambayar mi ya fitar da mace da goyo daga gidanta ta nufi Tamanraset bara. Yunwar da ta halatta wa namiji tafiya ita ce dai ta kori macen. Haka kuma Aljeriya na ta zubar da mutane a bakin iyaka, su taka kilomita 15 cikin rairayi kafin su iso Asamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da 30,000 a 2024 kaɗai. Wannan bai cika shiga hirar ba, wataƙila don mai korar ba Bature ba ne. Kuma mutumin da ke kukan an wulaƙanta ɗansa a Abijan shi ne, in makiyayi ya sauka bayan gari, zai ce a bincike shi don baƙo ne, ko da kakan makiyayin a wannan rijiya ya shayar. Kalmar da muka ƙi a kanmu muna da saurin liƙa wa wani.

Batun ɓarna kuwa, in suka soma ba su wuce misalin da ke kusa. Duk mai zuwa Yamai daga Dogon Dutsi yana ganin layin dogon da ya bi gefen kwalta daga Doso, kusan kilomita 140. An soma shi a 2014, aka yi bukin buɗe shi a Janairun 2016 ana saura makonni zaɓe, kuma har yau ba wanda ya sayi tikiti ya kai buhun wakensa Yamai a cikinsa. Gaskiya ne kamfanin Bolloré ne ya shimfiɗa shi, aka ce da kuɗinsa, kuma rigimar shari'a a ɓangaren Benin na cikin abin da ya tsaida aikin. Tsofaffin ba su rarrabe wannan, su dai sun ga ƙarfe kwance rana na dukansa. Amma filin da aka karɓe, da hanyoyin da aka datse, da alkawarin da aka ci zaɓe da shi, ai ba na Bolloré ba ne. Sai jirgin shugaban ƙasa da aka saya a 2014 kan kusan miliyar 20, a ƙasar da yaranta ke karatu cikin rumfar zana, da ruwa ya sauka a tashi lakwal.

Ga ƙaramin abu da ke damuna game da waɗannan alƙaluma. Mu da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa 5, jikka sefa 1,000. Tsohuwa ta san jikka goma, ta san abin da za ta saya mata. Miliyar kuwa ba ta da jiki a Hausar kasuwa, sauti ne kawai mai nufin “da yawa”. Miliyar 2 da miliyar 76 duk ɗaya suke a kunne. Ɓarawon gwamnati na samun mafaka a wannan gurbi na harshe, kuma ɗan jarida da ya karanta adadin ya wuce bai taimaki kowa ba. Miliyar 76 jikka miliyan 76 ne. In aka raba wa duk ɗan Nijar, har jaririn da aka haifa jiya, kowa zai tashi da kusan jikka uku. Haka ya kamata a riƙa faɗi.

Ban ɗauko 76 daga iska ba. Ranar 10 ga Disamban 2019 aka kashe soja 71 a Inates. Ranar 9 ga Janairun 2020 aka kashe 89 a Shinagodar. Ana cikin wannan makoki sai binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro zamanin minista Isufu Katambe ya fito: sama da miliyar 48 na ƙarin farashi, kusan miliyar 28 na kayan da aka biya ba a kawo ba. Nan ne ɓarna da yaƙi suka zama abu guda, don kuɗin da aka ci na bindiga da motar yaran da aka binne ne, kuma yaran nan ba ɗiyan ministoci ba ne, ɗiyan ƙauye ne irin namu da suka shiga soja don ba aikin yi. Mi ya biyo baya? Ranar 15 ga Maris 2020 aka tarwatsa masu zanga-zanga a Yamai, gobara ta tashi a kasuwar Tagabati mutane suka mutu, aka kama ƴan farar hula irin su Musa Cangari da Maikul Zodi. A watan Yuni aka tsare ƴar jarida Samira Sabu kan rubutun Facebook. Adadin ya yi ta raguwa a bakin hukuma, aka shiga sulhu da ƴan kwangila su maido kuɗi ko su cika kaya. Waɗanda suka yi tambaya sun riga waɗanda suka ci shiga kaso.

Zancen yaƙin waje ba zan daɗe a kansa ba, don kowa ya haddace shi. A 2011 ƙungiyar OTAN ta yi wa Libiya ruwan bama-bamai, shugaba Isufu da kansa ya ce ya gargaɗe su a taron Dovil ba su ji ba, Gaddafi ya faɗi, makamai suka watsu, ƴan bidarmu suka komo hannu wofi, arewacin Mali ya faɗi a 2012, wutar ta yi ta tahowa har ta iso dajin da muke kiwo. Tsofaffin sun ce gobara daga maƙwabta ta taso, kuma haka ne. Inda suka gajarta shi ne zaton da baƙon soja ya tafi wutar za ta mutu. Na Faransa sun gama fita a Disamban 2023, na Amurka a 2024, masu horarwa na Rasha suka iso a Afrilun 2024. Ranar 21 ga Maris 2025 aka kashe mutum 44 a masallacin Fambita ana sallar Juma'a. Yaron da ke karɓar zakkar dole a kan shanu da bindiga a kafaɗa ba da Faransanci yake magana ba. Wani abu cikin gida ya ba shi dalilin ɗaukarta, ko rigimar gona da burtali da aka yanke da cin hanci, ko rashin abin yi, ko ramuwa, kuma wannan sashe na zancen bai da daɗin faɗi a gaban mai gari.

Babban aibin sukar mazan jiya, a ganina, shi ne mutum take kallo, ba ta kallon ƙa'ida. Tambayarta kullum ita ce shugaba na da tsoron Allah ko ba shi da. In an ce yana da, sai a miƙa mashi mabuɗin rumbu a koma barci. Shi ya sa suke yabon zamanin Kunce, wai lokacin ma'aikaci na tsoron taɓa dala, su manta da cewa tsoron nan bai tsaya kan ɓarayi kaɗai ba, kuma da mutumin ya rasu a 1987 tsoron ya bi shi kabari, don ba a gina komi da zai tsaya bayansa ba. Shi ya sa kuma muryar da ta yi ta ƙara a 2020 ta yi sanyi yanzu. An kafa hukumar COLDEFF a 2023 don ƙwato dukiyar da aka sace, aka yi tafi, ni ma ina cikin masu son a ƙwato. Amma ranar 23 ga Fabrairun 2024 an sa hannu kan wata doka da ta fitar da sayayyar kayan tsaro daga ƙa'idojin kwangilar gwamnati da binciken da aka saba. Wato ƙofar da miliyar 76 suka bi suka fita, ita ce aka cire wa mai gadi. Ban ce an ci ko dala ba. Na ce in an ci ba mu da hanyar sani, kuma wanda ya yi kuka a 2020 ya yi shiru a 2024 ya nuna muna cewa da mutanen wancan lokaci yake faɗa, ɓarnar ba ta dame shi ba. Samira Sabu an sake kama ta a Satumban 2023. Musa Cangari an sake kama shi ranar 3 ga Disamban 2024. Gwamnati ta canza, masu shiga kaso ba su canza ba.

Mu matasa ma ba mu fi su ba a nan. “Zancen ƙasa ne” magana ce mai kyau, kuma ɗiyaucin da take nufi ba wanda ya fi mu son shi. Amma ku saurari yadda ake amfani da ita a fadodinmu na shayi. Wannan “ne” ɗin na ƙarshe ya zama murfi: da ka tambayi ina kuɗi suka shiga sai a ce maka zancen ƙasa ne, ma'ana ka yi shiru. Alhali in zancen ƙasa ne, to na ƴan ƙasa ne su yi. A ƙarshen 2023 aka soma cirar dala biyu a kan kiran waya da tikitin mota don asusun ceton ƙasa. Mai tallan ƙosai na biya, ɗan bida da ke kiran gida na biya. Wanda ya ba da dala biyu ya sayi haƙƙin tambaya da kuɗinsa.

Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. An yi ta gardama a kan haka a jami'a, masu murna da masu fushi, kuma masu fushin suna da abin faɗi. Ni abin da nake jira in gani bai kai gardamar tsawo ba: kasafin kuɗin kwamin ɗin Dogon Kiriya a rubuce da Hausa, boko da ajami, a liƙe a ƙofar ma'aikatar magajin gari, da jikka da dala, abin da ya shigo na harajin kasuwa da na dabbobi a gefe guda, abin da aka kashe da sunan wanda ya karɓa a ɗaya gefen. Fassarar ba ta fi ƙarfin ɗalibai biyar na sashenmu a hutun damina ba.